Ranar da Na Sa Dahum Ya Shiga Teku

Tun da na dawo daga Umara mutanen majalisarmu ta bakin kasuwar kifi ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce yaya Makka, wancan ya ce wai da gaske akwai unguwar da in ka shiga sai ka rantse a Kano kake. Nakan miƙa musu dabino in kawo wata hirar. To dabino ya ƙare, tambaya ba ta ƙare ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa sau ɗaya, har da abin da ba na son faɗa.

Ni mutumin Tiga ne. Shekara ashirin da biyar na yi ina tuƙa kwale-kwale a dam, ina ƙetarar da mutane da awaki da buhunan gero, kafin gwiwa ta ce ta gaji in koma sayar da busasshen kifi. Na faɗi wannan ne don ku san girman kan da na tafi da shi. A ganina babu mai ran da zai koya min ruwa, balle iska.

Daga Kano muka tashi, muka sauka Jidda da hantsi. A wajen duba fasfo na fara shan kunya. Aka ce in ɗora yatsu a kan wani gilashi, na ɗora, na'ura ta ƙi. Na goge a harami na sake, ta ƙi. Sandar tuƙi da igiyar koma sun cinye zanen yatsuna tun tuni. Ma'aikacin ya kama hannuna ya juya shi yana kallo, ya kira abokin aikinsa shi ma ya gani, suka shafa min wani mai, da ƙyar babban yatsa ya yarda ya ba da shaida. A wajen kaya kuma aka buɗe jakata, warin daddawa ya bugi mai binciken, ya ja da baya ya toshe hanci ya yi min alama in rufe in wuce. Da na san haka ne da daddawar na ɗora a sama tun farko.

Masaukinmu a unguwar Utaibiyya yake, mu huɗu a ɗaki. Akwai wani dattijo ɗan Gumel da ya ɗauki na'urar sanyaya ɗaki a matsayin abokiyar gaba. Mu kunna, ya kashe, ya ce shi bai biya kuɗin jirgi don ya zo ya kamu da sanyin ƙashi ba. A ƙarshe muka yi sulhu, aka bar ta a kunne, shi kuma muka tara masa barguna huɗu.

Ibada na yi ta, alhamdu lillahi, kuma abin da na ji da na fara ganin Ka'aba ba na majalisa ba ne. Amma akwai dalili na biyu da ya kai ni. Yayata Hansai, wadda ta goye ni, ta tafi aikin Hajji da mijinta shekara talatin da suka wuce, suka zauna. Mijin ya rasu a can. Tana sayar da abinci a Shara Mansur, unguwar mutanenmu, kuma tana da ɗa guda, Abdurrahman, da ake kira Dahum. A Makka aka haife shi, shekararsa ashirin da takwas, bai taɓa taka Nijeriya ba. Ba shi da igama, wato takardar izinin zama. Tasa ta mutu tare da ta ubansa, aka yi ta neman gyara abin bai yiwu ba. Duk ranar da hukuma ta tambaye shi takarda, jirgi za a sa shi a kawo shi ƙasar da a waya kawai yake ganinta. Na san wannan tun ina gida, sai dai na san shi ne irin sanin da ake wa labarin nesa.

Mansur kuwa gaskiya aka faɗa muku. Ga mai tsire, ga mai fura, ga tela yana rigima da mai ɗinki a kan wuyan riga, duk da Hausa. Sai dai Hausar ta auri Larabci, kana cikin fahimta sai a zille maka. Na sami Yaya a bakin tukunyarta. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Sabo, ashe kai ma ka tsufa." Muka yi kuka a gaban masu sayen tuwo, ba wanda ya kula, da alama sun saba gani.

Ta zuba min tuwon shinkafa da miyar kuka, da daddawar da na kawo a ciki. Da safe kuma ful suke ci, wato dafaffen wake, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Gahawarsu ce ta ba ni wahala. Ƙoƙon bai fi a zuba wa jariri magani ba, kuma da ka shanye sai a ƙara. Na sha bakwai ina jiran a gaji, ashe ni ake jira in girgiza ƙoƙon alamar na ƙoshi. A gida in baƙo ya girgiza maka kwano ai sai ka ce ƙari yake nema.

Dahum dogo ne, mara yawan magana, yana gaishe ni da sumbatar goshi. Abin da ya fara ba ni haushi da shi waya. Muna hira yana leƙa ta. Rana ta uku na kasa haƙuri na ce, "Wace yarinya ce haka ba ta barin ka ka ji maganar kawunka?"

Ya yi dariya ya miƙo min. Ba yarinya ba ce. Taswirar bakin teku ce, cike da 'yan kibiyoyi masu launi suna tafiya.

"Iska ce, Kawu. Ya'ani wannan tana gaya maka gobe daga ina za ta taso, da ƙarfinta, sa'a bayan sa'a."

Ashe aikinsa ke nan. Yana da aboki tun na yarinta, Faisal, wanda kakansa ya zo daga Katsina a ƙafa tun zamanin da, su sun zama 'yan ƙasa. Faisal yana da mota a-kori-kura da kayan wani wasan ruwa da yake ba da haya a bakin tekun Shu'aiba, tafiyar awa ɗaya da wani abu daga Makka. Dogon allo ne mara nauyi, a kafa masa sanda a tsakiya, a ɗaura mata wani faffaɗan ƙyallen roba da suke kira shira'a. Mutum ya tsaya a kan allon ya riƙe, iska ta ja shi. Dahum ne mai gyara kayan, shi ne kuma mai koya wa masu haya.

Na ce, "Mu a Tiga ba mu taɓa tambayar waya iska ba. Ka dubi gabas, in hadari ya haɗu ka ɗaure jirginka. In ruwa ya kwanta ka shiga."

Ya ce, "Ni ma ba ita kaɗai nake ji ba. Taswira biyu nake dubawa, in sun saɓa ban yarda da kowacce ba. In sun haɗu ma sai na je na tsaya a wurin da ƙafata. Waya ta san teku gaba ɗaya, amma ba ta san lungunmu ba."

Ya lissafa min su kamar mai lissafa dangi. Akwai shamal, ta arewa, mai bin gefen gaɓa, ita ce abin so. Akwai azyab, ta kudu, mai zafi da fizga, yanzu tana nan yanzu babu. Sai ta gabas, mai gangarowa daga duwatsu ta wuce ta bayanka ta nufi teku. Wannan ya ce ko kyauta aka ba shi ba ya shiga. Na ji shi ne kawai, a raina ina cewa yaron birni ya mai da iska karatun allo.

Na ce sai na ga wannan wasa da idona kafin in tafi. Kwanaki suka yi ta wucewa, yau ziyara, gobe rakiyar dattijon Gumel asibiti, har ya rage ranar ƙarshe. Motar da za ta kai mu filin jirgi daga tashar Kudai za ta tashi bayan la'asar. Dahum ya duba waya ya ce ranar ba ta yi masa ba, ta gabas ce da safe, wai za ta juya wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na ce to ai shi ke nan, mu je mu jira ta juya. Yaya ta ƙulla mana tamis da shayi a fulas, ta ce wa ɗanta, "Ka kula da kawunka, bai san gari ba."

Muka fita bayan sallar asuba, mu uku a gaban mota. Hanya shimfiɗaɗɗiya, babu rami ko ɗaya, sai raƙuma jefi-jefi. A wani shinge na askarawa Faisal ya rage gudu ya ɗaga hannu, aka yi mana alama mu wuce. Na lura Dahum ya daina magana tun kafin mu iso, bai kuma sake cewa komai ba sai da muka yi nisa.

Ban taɓa ganin ruwa mai kyan na ranar ba. A kwance yake lumui, kana hango yashin ƙasa. Iska na busowa ta bayanmu mai daɗi, tana kaɗa min riga. Can gaba akwai wani farin layi inda ruwa ke karyewa a kan duwatsun murjani, da wata 'yar kafa a tsakiya, bayanta kuma ruwan ya yi shuɗi mai duhu. Babu kowa a wurin sai mu, don ba ranar hutu ba ce.

Dahum bai sauke kaya ba. Ya ɗebi yashi ya sake shi, ya ga inda ya nufa. Ya dubi wata leda da ta maƙale a jikin ƙaya. Ya juya ya daɗe yana kallon duwatsun gabas. Sannan ya zauna a inuwar mota ya zuba shayi.

Ƙarfe goma ta yi, sha ɗaya ta yi, leda ba ta canza ba. Na ce, "To malamin iska, wayarka ta ce sha ɗaya."

"Ta yi kuskure, Kawu. Jiya ma an ce min sai wajen biyu ta juya. Sai ƙasa ta yi zafi sosai sannan iskar teku ke samun ƙarfin ture wannan. Mu yi sabur shuwayya, mu ɗan yi haƙuri."

"Ni sha biyu zan bar nan. Dubi ruwan nan fa. Ko jariri aka ɗora a faranti ai zai ƙetare."

"Nan kusa ne yake kwance, don tudu ya tare. Can gaba ba haka yake ba."

Nan ne bakina ya ja min. Na ce ni da na yi shekara ashirin da biyar a kan ruwa ban taɓa ganin mai tsoron ruwa kwantacce ba sai yau. Na ce in koma gida in ce me, na zo ganin ɗan Hansai gwanin teku na tarar da shi yana gadin fulas? Da wasa na faɗa, irin wasan da kawu ke yi da ɗan 'yar'uwarsa, har ina dariya. Faisal bai yi dariya ba. Ya yi wa Dahum wata magana da Larabci da sauri, Dahum ya girgiza kai ya amsa masa a taƙaice. Daga baya Faisal ya gaya min abin da Dahum ya ce: kawuna ne, sau ɗaya ya roƙe ni abu a duniya.

Dahum ya tashi ya haɗa kayan. Ya ɗauki ƙaramar shira'a, ya ce ba zai wuce duwatsun ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kallon. Ya hau allon kamar mai hawa tabarma, ya jawo shira'ar daga ruwa, ta cika, sai ga shi yana tsaga ruwa ba ƙara ba hayaƙi. Ya je ya juyo, ya sake komawa. Na tafa, na ce da Yaya ta zo ta gani. A juyi na huɗu, yana kusa da kafar nan, iska ta fizgo da ƙarfin da ni a gaɓa ban ji ko rabinsa ba. Na ga shira'ar ta rabu da allon ta faɗi gefe. Robar da ke haɗa sandar da allon ce ta tsinke.

Ban tsorata ba da farko. A Tiga in iska ta ƙwace maka jirgi, iyaka ta kai ka wancan ƙetaren, ka sauka a wani ƙauye a ba ka fura, gobe ka dawo ana yi maka tsiya. Na ce wa Faisal, "Ina za ta kai shi?"

Ya ce, "Sudan."

Muna kallo ya hau allon ya zauna, ya naɗe shira'ar ya ɗora, ya kwanta a kai yana tuƙi da hannu. Yana tuƙowa wajenmu, amma ƙanƙancewa yake yi. Ya fita ta kafar, ya shiga ruwa mai duhu. Na duba dama da hagu, babu jirgin masunta ko ɗaya. Na fara tuɓe riga, Faisal ya riƙe ni ya ce in na shiga gawa biyu za a nema.

Ya ciro waya ya riƙe bai danna ba. Na ce me yake jira, ba su da masu ceto ne?

"Akwai masu gadin teku, Kawu. In na kira, yanzu za su zo. Za su ba shi ruwa ya sha, sannan su ce ina igama."

Sai a lokacin abin ya haɗu a kaina. Taswira biyun nan da yake dubawa, da yashin da yake saki, da zaman jiran da na kira tsoro. Faisal ya ce masu haya kusan kowane wata sai an jawo wani, su dawo suna dariya suna ɗaukar hoto. Dahum shekara bakwai yana wannan aiki ba a taɓa jawo shi ba, don shi ba shi da damar a cece shi.

"In ba ka kira ba fa?"

"Iskar teku yake jira. In ta juya, ita za ta kawo shi har nan. Mun yi alkawari da shi, in yana son a kira zai ɗaga hannu biyu. Bai ɗaga ba."

"In ba ta juya ba?"

Ya miƙo min wayar a tafin hannunsa ya ce, "Kai ne babba."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ina duban leda, ina duban teku. Na nemi duk abin da na sani game da iska, na tarar babu ko ɗaya da ya shafi wannan wuri. Tun ina ganin hannuwansa, na koma ganin ɗigo, har ya zama sai igiyar ruwa ta ɗaga shi nake ganinsa. Ko da ya ɗaga hannu biyu a lokacin, ba mai gani. Na tuna gawarwakin da na taɓa tsamowa a dam, da yadda ake kai wa uwa labari. Na ce a raina gara Hansai ta tsine min ɗanta na da rai.

Na ce, "Kira su."

Suka zo da jirgi mai inji, kuma ba su yi mana komai ba sai alheri. Muna tsaye muna hango su sun nufi inda yake, sai na ji sanyi a fuskata. Tun safe a ƙeya nake jin iskar. Na waiwaya, ledar nan ta juya ta fuskanci duwatsu. Faisal ma ya gani. Ya zauna a yashi ya rufe fuska da hannu.

Da suka sauke shi leɓensa ya bushe, gishiri ya yi masa fari a gira. Ya sha ruwa. Babbansu ya tambaye shi cikin ladabi, ya amsa cikin ladabi. Kafin ya shiga motarsu ya zo ya sumbaci goshina ya ce, "Kawu, ku yi sauri, motar Kudai ba ta jira."

Ban tafi Kudai kai tsaye ba. Na sa Faisal ya kai ni Mansur, don ban yarda ta ji a bakin wani ba. Na same ta tana kwashe tuwo. Na faɗa mata duka, har da maganar gadin fulas, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ajiye mara ta ce, "Shi ya ce a kira?" Na ce a'a, ni ne. Ta ce, "To. Allah ya kai ka gida lafiya." Ta ci gaba da kwashe tuwonta.

Bayan wata biyu aka sauke shi a Kano, da jallabiya ɗaya da leda a hannu. Ni na je na ɗauko shi. Yana gidana yanzu, a ɗakin da ke kusa da zaure. Sauro ya sa shi a gaba, tuwon dawa bai karɓe shi ba tukuna, yara na dariyar Hausarsa yana taya su. Bai taɓa ɗaga min maganar ba. Ni ne na kasa, wata rana muna zaune a bakin dam na ce, "Dahum, da ban sa an kira ba, da ka dawo?"

Ya ce, "Na ji ta fara juyawa kafin in ji ƙarar injinsu. Amma hannuna ya riga ya mutu, Kawu. Wallahi ban sani ba."

Na so ya ce e ko a'a, ko wanne ne da na san abin da zan ɗauka. Yaya kuwa ba za ta iya zuwa ba, don in ta fito ba ta da hanyar komawa, shi ma ba shi da ita. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci takan kira wayata, saboda tasa ba ta riƙe caji. Nakan ce, "Yaya, ina wuni?" Takan ce, "Lafiya. Ba ni ɗana." Sai in miƙa masa, in fita waje in ba su wuri.